Kamshaf: Sandar da Ke Koya wa Injin Numfashi

Duk wanda ya saba zama a garejin kanikawa ya san abin da ke biyo baya idan mota tana silo tana tangal-tangal, kamar za ta mutu sai ta sake farfaɗowa. Oga zai kasa kunne, ya girgiza kai, ya ce wa yaronsa ya ɗauko sifana. Ko filogi ya ƙone, ko iska na kurɗawa ta inda bai dace ba, ko kuwa taimin ya goce. Cuta ce, sai an yi mata magani.

A Texas da Oklahoma da Tennessee da sauran jihohin Amurka inda a-kori-kura ta zama motar gida, akwai mutanen da ke ɗaukar dubban daloli su miƙa wa bakanike don ya saka wa motarsu wannan tangal-tangal ɗin. Idan an gama aiki, mai mota zai tayar da ita, ya zagaya baya ya kara waya a bakin salansa, ya naɗi ƙarar ya aika wa abokai. Babban abin da aka sauya a cikin injin kuwa sandar ƙarfe ce guda ɗaya, tsawonta kimanin rabin mita, wadda kanikawa ke kira kamshaf.

Wasu suna fita daga wannan aiki da motar da ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Wasu kuma suna fita da motar da ta fi ƙara, ta fi shan mai, amma ta kasa jan tirelar da a da take ja ba tare da nishi ba. Bambancin mutanen biyu yana cikin lambobi uku da ke rubuce a takardar da ke rako kamshaf daga masana'anta.

Mai tsaron ƙofa

Injin mota numfashi yake yi. Fistin ya sauka, ya shaƙo iska da mai. Ya hau, ya matse su. Filogi ya ƙyasta wuta, haɗin ya fashe ya tunkuɗa fistin ƙasa. Ya sake hawa, ya kori hayaƙi waje. Wannan tsari mai matakai huɗu shi ne wanda Bajamushen nan Nikolaus Otto ya daidaita a 1876, kuma har yau a kansa ake.

Kowace silinda tana da ƙofofi iri biyu, ta shigar iska da ta fitar hayaƙi. Bawul ne ke toshe su, sifirin mai ƙarfi yana riƙe da shi a rufe. Wanda ke yanke hukuncin yaushe bawul zai buɗe, iya ina zai buɗe, da yaushe zai koma, shi ne kamshaf. A jikinsa akwai tozaye masu siffar ƙwai. Idan sandar ta juya, tozo ya zo kan aiki, sai ya ɗaga abin da ke kansa, bawul ya buɗe. Tozo ya wuce, sifirin ya mayar da bawul mazauninsa.

Kuranshaf kan yi juyi biyu kafin kamshaf ya yi ɗaya. Saboda haka idan allurar mota ta nuna juyi 3,000 a minti, kamshaf yana yin 1,500, wato kowane bawul yana buɗewa yana rufewa sau 25 a cikin daƙiƙa ɗaya. A wannan ɗan ƙyaftawar ido ake so silinda ta cika da iska. Iya iskar da ta samu shiga, iya man da za a iya ƙonawa. Iya man da aka ƙona, iya ƙarfin da injin zai bayar.

Dabarar ta girmi mota da ƙarnoni. Masana tarihin ƙere-ƙere sukan ambaci Isma'il al-Jazari, injiniyan fadar sarakunan Artuƙawa a yankin Diyarbakir da ke Turkiyya ta yau, wanda a littafinsa na 1206 ya zana na'urorin ɗaga ruwa da agogunan ruwa masu aiki da sanda mai tozaye. Abin da yake so shi ne juyi ya koma turi, a kan kari, ba ƙari ba ragi. Aikin kamshaf ke nan har gobe.

A manyan injunan V8 na Chevrolet da GMC da Ram, kamshaf ɗaya ne tak, yana kwance a tsakiyar bulok, ɗauke da tozaye 16. Tozo yana ɗaga lifta, lifta ta tura wata doguwar sanda, sandar ta ɗaga gefe ɗaya na roka, ɗaya gefen ya danna bawul. Tsofaffin kanikawan da suka yi zamanin Peugeot 404 da 504, waɗanda kamfanin da aka buɗe a Kaduna a 1975 ya cika titunanmu da su, sun san wannan tsari sarai, domin irinsa ne a injunan fetur na waɗancan motoci.

Lambobi uku

Lamba ta farko ita ce zurfin buɗewa, wato iya nisan da bawul ke yi daga mazauninsa. A injin mai lita 5.3 na tsofaffin a-kori-kurar Silverado, kamshaf ɗin kamfani yana buɗe bawul ƙasa kaɗan da rabin inci, kimanin milimita 12. Waɗanda ake sayarwa don ƙarin ƙarfi sukan kai inci 0.550 zuwa 0.600, wato milimita 14 zuwa 15. Bambancin kamar bai taka kara ya karya ba, amma ga iskar da ke rige-rigen shiga, ƙofa ce aka faɗaɗa. Kuma ba tozo kaɗai ke yin aikin ba, domin rokar wannan injin tana ninka abin da tozo ya ɗaga sau 1.7.

Ta biyu ita ce daɗewa a buɗe. Ana lissafa ta da digirin juyin kuranshaf, kuma don kowa ya riƙa awo da mudu ɗaya, masu sana'ar a Amurka sun amince a fara ƙirga daga lokacin da lifta ta ɗagu da inci 0.050. Na kamfani a injin 5.3 yana wajen digiri 190. Waɗanda aka yi musamman don a-kori-kura sukan faɗa tsakanin 205 da 220. Daga 230 zuwa sama an shiga sahun motocin tsere.

Ta uku ita ce tazarar da ke tsakanin ƙololuwar tozon shiga da ta tozon fita, galibi digiri 107 zuwa 116. Ita da daɗewa a buɗe su ne ke haifar da wani ɗan lokaci da bawul biyu ke buɗe tare: na hayaƙi bai gama rufewa ba, na iska ya fara buɗewa. A nan dukkan labarin yake.

Iska tana da nauyi. Idan injin na gudu sosai, hayaƙin da ke fita da ƙarfi yana barin wani zuƙo a bayansa, ya jawo sabuwar iska ciki, kamar yadda guguwa ke jan ledoji. Haka kuma iskar da ta riga ta ɗauko gudu a bututun shiga tana ci gaba da kwarara cikin silinda ko da fistin ya fara hawa. Saboda haka jinkirta rufe bawul riba ce a lokacin gudu. Amma a silo, ko lokacin da mota ke tashi daga tsaye, iskar ba ta da wannan gudun. Fistin da ya fara hawa sai ya mayar da wani kaso nata baya ta ƙofar da aka bari a buɗe, hayaƙi kuma ya komo ya gauraya da sabon mai. Wata silinda ta kama wuta da kyau, wata ta kama rabi-rabi. Wannan rashin daidaito shi ne tangal-tangal ɗin da ake naɗa a waya. Ƙarar da ake alfahari da ita, a gaskiya, ƙarar injin ce da ke tuntuɓe saboda an hana shi gudun da aka shirya masa.

Dokin sukuwa da san huɗa

Ana auna injin da ma'auni biyu. Akwai ƙarfin murɗa, wanda shi ne ke tayar da mota mai kaya daga tsaye ya haura da ita tudu. Akwai kuma ƙarfin doki, wanda ke nuna saurin da injin ke iya yin aiki. Alaƙarsu lissafi ce: a ma'aunin Amurka, a ninka ƙarfin murɗa da yawan juyi a minti, a raba da 5,252, sai a samu ƙarfin doki. Ma'ana, ko murɗar ba ta ƙaru ba, idan aka matsar da ita zuwa juyi mai yawa, adadin dawakai zai hau. Shi ya sa talla ke son babban kamshaf: lambar da yake bayarwa tana da daɗin faɗa.

Sai dai babban kamshaf ɗan kashe-mu-raba ne. Abin da ya ƙara a sama, wani kaso nasa daga ƙasa ya ɗebo. Injin 5.3 na farkon shekarun 2000 yana bayar da dawakai 285 a juyi 5,200. Matsakaicin kamshaf tare da gyaran kwamfuta yakan ƙara masa dawakai 30 zuwa 60, mafi yawansu a can saman allura. Tambayar da ya kamata mai mota ya yi wa kansa ita ce: sau nawa allurata ke kaiwa can? A-kori-kurar da ta haura tan biyu, tana jan tirelar shanu ko kwale-kwale ko injin yankan ciyawa, yawancin rayuwarta tsakanin juyi 1,500 da 3,000 take yi. Wanda ya saka mata kamshaf mai digiri 230 ya ɗaura wa dokin sukuwa garma. Zai yi kyau a ido, zai yi haniniya, amma huɗa ta san shanu.

Wannan ne ya sa kamfanonin da ke wannan sana'a suka ware rukuni na musamman don manyan motoci. Dabarar ita ce a ƙara zurfin buɗewa sosai, a ƙara daɗewa kaɗan, a sa bawul ɗin iska ya rufe da wuri don kada matsi ya zube. Irin wannan yakan ƙara ƙarfi tun daga tsakiyar allura ba tare da ya kashe na ƙasa ba. Sukan jera su mataki-mataki, na ɗaya, na biyu, na uku, amma matakin ba ma'auni ba ne. Na biyun wani kamfani yana iya zama na ukun wani. Lambobi ukun nan su ne abin dubawa.

Daga busassun tafkuna zuwa garejin gida

Al'adar sauya kamshaf ta samo asali ne a kudancin California kafin Yaƙin Duniya na Biyu, inda samari ke kai tsofaffin Ford busassun tafkunan hamadar Mojave su gwada gudu. Ed Winfield na cikin waɗanda suka fara goge tozayen kamshaf da hannunsu don sauya halin injin. Wani matashi da ya koyi abubuwa a wurinsa, Ed Iskenderian, ɗan asalin Armeniya da aka haifa a California a 1921, ya dawo daga aikin soja ya sayi tsohon injin gugar ƙarfe ya mayar da shi na gugar kamshaf. Sunan kamfaninsa, Isky, ya zama tambari a filayen tsere. Daga baya Crane Cams ya taso a Florida, Comp Cams kuma a Memphis a 1976. A yau sunayen da masu a-kori-kura suka fi ambata sun haɗa da Brian Tooley Racing a Kentucky da Texas Speed a Texas.

Abin da ya sauko da wannan wasa daga motocin tsere zuwa motocin aiki shi ne wani dangin injin na General Motors da ake kira LS. Ya fara fitowa a Corvette ta 1997, sannan a 1999 aka zuba 'yan'uwansa masu lita 4.8 da 5.3 da 6.0 a Silverado da Sierra. An ƙera miliyoyinsu. Kan silindarsu yana wuce iska da kyau, ƙasan injin yana da juriya, amma kamfani ya ba su ƙaramin kamshaf don silo mai laushi, tsimin mai da cika sharuɗɗan hayaƙi. Wato injin ne mai faffaɗan ƙirji da aka ɗaure wa hanci. Da zarar an sassauta ɗaurin, sakamako yakan bayyana nan take. Ga shi kuma kamshaf ɗaya ake saya. Injin 5.0 da Ford ya saka a F-150 tun 2011 kamshaf huɗu gare shi a saman injin, don haka kuɗin da aikin duk sun ninka.

Akwai dalili na biyu, wanda ba na nishaɗi ba ne. Daga 2007 General Motors ya saka wa manyan a-kori-kurarsa tsarin da ake kira AFM, wanda ke kashe silinda huɗu, ta 1 da ta 4 da ta 6 da ta 7, idan mota na tafiya ba nauyi, don a rage shan mai. Ana yin haka da wasu liftoci na musamman da matsin baƙin mai ke sa su lanƙwashe ciki su daina tura bawul. Ram ma yana da irinsa a injin Hemi 5.7, da sunan MDS. Masu motoci da yawa sun yi kukan cewa lifta takan maƙale, ko ɗan gargaren da ke ƙasanta ya daina juyawa ya riƙa cin tozo. Alamarta ƙara ce, ƙas-ƙas-ƙas, da silinda ɗaya da ta daina aiki. Idan tozo ya cinye, dole a fitar da kamshaf. A nan ne mai mota kan ce tunda an riga an buɗe ciki, a saka wanda ya fi, a cire tsarin kashe silindar gaba ɗaya. Da yawa daga cikin masu ƙarar nan da ake ji a titi, gyara ne ya kai su.

Ba ya tafiya shi kaɗai

Kuskuren sabon shiga shi ne ya ga farashin kamshaf, 'yan ɗaruruwan daloli, ya ɗauka shi ke nan. Kamshaf ango ne, da 'yan rakiyarsa yake zuwa.

Na farko sifirin. Na kamfani an yi shi ne daidai da ƙaramin tozo. Idan aka matsa shi fiye da ƙima, zoben jikinsa sai su haɗe, wani abu ya karye. Ko kuma a lokacin gudu ya kasa dawo da bawul a kan kari, bawul ya yi ta shawagi har fistin ya same shi a hanya. Ranar da haka ta faru, injin ya buga. Ana iya sauya sifirin ba tare da an sauke kan silinda ba: a hura iska mai matsi ta ramin filogi, ko a cusa igiya mai laushi a ɗago fistin ya tokare ta, don kada bawul ya faɗa ciki.

Na biyu sandunan turi. Tsawonsu na asali a injin LS inci 7.400 ne, amma sabon kamshaf sau da yawa gindin tozonsa ya fi na asali ƙanƙanta, don haka sai an auna an sayo masu tsawon da ya dace. In sun gaza, injin ya yi ta ƙara. In sun zarce, bawul ba zai zauna daidai ba, ya ƙone. Sannan akwai tazara tsakanin bawul da kan fistin, wadda ƙa'idar masu sana'a ta ce kada ta gaza inci 0.080 a ɓangaren iska da 0.100 a ɓangaren hayaƙi. Wasu da yumɓun wasan yara suke aunawa: a manna a kan fistin, a juya injin da hannu, a cire a duba inda bawul ya taɓa.

Aikin kansa yakan ci yini ɗaya ko biyu a hannun wanda ya iya. A sauke lagireto da fanka da famfon ruwa, a zare babbar fulin gaba, a buɗe murfin taimin, a kwance roka da sanduna. Tsofaffin injunan LS suna da wani rangwame: idan aka juya kamshaf da hannu, liftoci sukan hau su maƙale a cikin robobin da ke riƙe da su, a zura dogayen sanduna biyu ta hanyar baƙin mai a tare su, sai a zaro kamshaf a hankali ta gaba. Idan lifta ɗaya ta suɓuce ta faɗa, aikin yini ɗaya ya zama na mako. Wanda kuwa zai sauya liftocin kansu, kamar mai cire AFM, ba makawa sai ya sauke kan silinda biyu, ya sayi sabbin gaskit da sabbin kusoshi, domin na asali miƙewa suke yi idan an ɗaure su, ba a maimaita su. Mai hankali yakan sauya sarƙar taimin da famfon baƙin mai a lokaci guda, tunda hannu ya riga ya kai wurin.

Ga masu tsofaffin injuna da liftarsu ba ta da gargare, mintuna 20 zuwa 30 na farko su ne rai da mutuwa. Ana riƙe injin a juyi 2,000 zuwa 2,500, da baƙin mai mai yawan sinadarin zinki, har tozo da lifta su saba da juna. Wanda ya bar shi a silo yana iya cinye sabon kamshaf kafin ya bar gareji.

Kwamfuta da giyabos

An ɗaure kusa ta ƙarshe, amma da sauran aiki. Kwamfutar mota, wadda kanikawanmu ke kira burenbos, ta haddace numfashin tsohon kamshaf. Idan ta ji sabo sai ta rikice: mota ta mutu a danja, allura ta yi ta hawa da sauka, fitilar gargaɗi ta kama. Sai an kawo mai gyaran manhaja, da kayan aiki irin su HP Tuners, ya sake rubuta mata yawan man da za ta fesa, lokacin ƙyasta wuta, da matakin silo, wanda akan ɗaga daga wajen 600 zuwa 750 ko 850. Ƙwararru sukan ɗora motar a kan na'urar awo mai manyan gangunan ƙarfe, tayoyi su yi ta juyawa a wuri ɗaya, a ga abin da aka samu da abin da aka rasa a kowane mataki na allura. Zanen da na'urar ke fitarwa ba ya ƙarya, kuma mai neman gaskiya gefen hagunsa, na ƙasan allura, yake fara dubawa.

Sai giyabos. Motar da ba ta da kuloci tana da wata ƙwarya mai cike da mai tsakanin injin da giya, wadda ke barin injin ya ɗan yi gaba kafin ta kama. Ta kamfani takan kama tun ƙasa da juyi 2,000. Babban kamshaf ba shi da ƙarfi a nan, don haka mota takan yi nauyin tashi, a danja kuma ta riƙa turawa gaba direba na danne birki. Maganin shi ne a sauya ƙwaryar da wadda ke jira har 2,500 ko 3,000. Amma mai jira zamewa take yi, zamewa kuma zafi ce, zafi kuwa shi ne ajalin giyabos, musamman ga mai jan kaya. Giyabos ɗin 4L60E da ke cikin yawancin waɗancan motoci ma ba a san shi da haƙurin ƙarin ƙarfi ba. Ko birki yana da rabonsa: a motocin da taushin birkinsu ya dogara da zuƙon iskar injin, babban kamshaf yana rage zuƙon, feda ta yi tauri. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Inda doka ta tsaya

Dokar tsabtace iska ta Amurka, wadda aka ƙarfafa a 1970 da 1990, ta haramta lalata duk wani abin da aka saka wa mota don rage gurɓataccen hayaƙi. Kamshaf mai barin bawul biyu a buɗe tare na dogon lokaci yana tura ɗanyen mai cikin salansa, shi ya sa bayan irin waɗannan motoci ke warin fetur. Ɗanyen man yana wahalar da matatar hayaƙi, wadda a garejinmu ake wa laƙabi da indomi, kuma cire ta laifi ne a motar da ke hawa titi. California ta fi kowa tsanani: kayan ƙarin ƙarfi sai sun samu lambar amincewa daga hukumar kula da iska ta jihar kafin a ɗaura su a motar titi, kuma akwai gwajin hayaƙi lokacin sabunta takardu. Shi ya sa da yawa daga cikin kamshaf ɗin da ake sayarwa ke ɗauke da rubutun cewa na filin tsere ne kawai. Tsakanin 2020 da 2023 hukumar kare muhalli ta tarayya ta sa farautar masu sayar da na'urorin kauce wa gwajin hayaƙi cikin manyan ayyukanta, ta ci kamfanoni da dama tara.

Batun garanti ma yana nan. Wata doka ta 1975 ta hana kamfani soke garantin mota dungurungum don kawai an saka mata kayan wani. Amma idan kayan ne suka jawo ɓarnar, kamfani ba zai biya ba, kuma injin da aka sauya wa kamshaf aka taɓa kwamfutarsa ba shi da bakin musu.

To, Hilux fa?

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya tambaya ko wannan dabara za ta yi wa tasa motar amfani. Ga mafi yawan Hilux, amsar ita ce ribar ba ta kai wahalar ba. Injin fetur mai lita 2.7 kamshaf biyu gare shi a sama, kuma yana da tsarin VVT-i, wanda ke murɗa kamshaf gaba ko baya da matsin baƙin mai gwargwadon gudun injin. Wato wani ɓangare na cinikin da Ba'amurke ke yi sau ɗaya da sifana, wannan injin yana yin sa da kansa a kowace tafiya. Masu shan gas da ke da tabo kuwa, ƙarfinsu ya fi dogara da matsin iskar tabo da yadda ake fesa mai, ba siffar tozo ba.

Abin da ke kashe kamshaf a hanyoyinmu daban ne. Yana can saman injin, shi ne na ƙarshen samun baƙin mai idan an tayar da mota da safe. Jabun mai, ko mai da ya daɗe har ya zama kwalta, ko ƙurar hunturu da ta wuce yagaggiyar matatar iska, su ne ke cin tozo su toshe 'yar ragar da ke ciyar da VVT-i. A injunan gas na 1KD da 2KD kuma bel ne ke juya kamshaf, kuma fitilar T-BELT takan kama a kilomita 150,000. Wanda ya sa aka kashe fitilar bai sauya bel ba, ranar da ya tsinke bawul da fistin za su gamu.

Inda labarin Amurka ya shafe mu kai tsaye shi ne manyan motocin da ake shigo da su na hannu: Silverado, Tahoe, Suburban, Yukon, Escalade. Da yawansu suna ɗauke da liftocin AFM, kuma sun riga sun yi doguwar tafiya kafin su hau jirgin ruwa. Idan ɗayansu ta fara ƙas-ƙas-ƙas, mai ita zai tsaya a mararrabar da takwaransa na Texas ya tsaya, sai dai shi ba kowane gari zai samu mai sake rubuta kwamfuta ba, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a 2023 kowace lita da ta fita ɗanya ta salansa ana jin ta a aljihu. Ga irinsa, kamshaf mai kusa da na kamfani, ko ɗan sama da shi kaɗan, ya fi dacewa.

Masu sayar da kamshaf na ƙwarai a Amurka ba su fara tambayar mai saye dawakai nawa yake so. Sukan tambaye shi nauyin motar, girman tayoyinta, giyar da ke cikin aksul ɗin baya, ko yana jan tirela, da nauyin abin da yake ja. Daga amsoshin ne lambobi ukun ke fitowa, kuma sau da yawa sukan fito ƙasa da abin da mai motar ya zo da shi a ransa. Wanda ya karɓi shawarar yakan koma gida da motar da silonta bai cika tayar da maƙwabta ba, ba ta da wani abin a-zo-a-gani a bidiyon waya. Sai ranar da ya ɗaura tirela ya fuskanci tudu, ya taka totur a juyi 2,500, ya ji ta ɗauka ba tare da ta nemi sauka giya ba, sannan zai san abin da ya saya.